Allon sunaye a makarantar wani ƙauye a Yorkshire

A farkon watan Nuwamba na tashi daga birnin Leeds na ƙasar Ingila a jirgin ƙasa, na sauka a wata ƙaramar tasha a arewacin Yorkshire, sannan na ƙarasa a bas cikin yayyafi, tumaki na kiwo dama da hagu. Abin da ya kai ni shi ne wani allon katako da ke rataye a zauren makarantar firamare ta wani ƙauye, inda wata dattijuwa mai riƙe da makulli ta buɗe mini ƙofa bayan yara sun tashi.

An rubuta sunayen da fenti mai ruwan zinariya a ƙarƙashin shekarun 1914 da 1918, kuma dukkansu tsofaffin ɗaliban makarantar ne da suka tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su dawo ba. Sunan wani gida ya zo sau biyu a jere, dattijuwar ta ɗora yatsa a kai ta ce wa da ƙane ne. Daga ƙasa an ƙara gajeren jeri na 1939 zuwa 1945.

Ban gane nauyin allon ba sai da ta tuna mini cewa Birtaniya ba ta mayar da gawarwakin sojojinta gida ba, a inda suka faɗi aka binne su, galibi a Faransa da Beljiyam. A ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, ranar da aka fara gwabzawar yankin Somme a Faransa, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu, kuma a ginin tunawa da ke ƙauyen Thiepval a yankin akwai sunaye fiye da 72,000 na waɗanda ba su da sanannen kabari. Uwar da ba ta da kabarin da za ta ziyarta, wannan allo ne abin da ya rage mata, a ɗakin da malami ya saba kiran sunan ɗanta kowace safiya. Nan take na tuna da dattawanmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, zuciyata ta yi nauyi.

Ta ce ranar 11 ga wata, ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, da ƙarfe sha ɗaya na safe, ɗalibai za su tsaya shiru na minti biyu, sannan su karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu fita ta gyara zaman jajayen furannin takarda da yaran suka yanka suka jera a gindin allon, ta kashe fitila, ni kuma na yi sauri don kada bas ɗin ƙarshe ya wuce ni.