Jan ɗigo mai araha: duba ƙarƙashinsa kafin ka biya

Har yau idan na ga tallar na'urar saiti mai jan ɗigo, wato ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan bindiga yana nuna jan ɗigo a inda harsashi zai sauka, an rubuta wai tana hawa kan kowace fistol (ƙaramar bindigar hannu), sai raina ya ɓaci. Babu irin wannan na'urar. Wanda ya rubuta haka, ko dai bai taɓa ɗaura ta a kan bindiga ba, ko kuma ya sani ya yi gum don kayansa su fita.

Ni harbin nishaɗi nake yi a filin atisaye, takarda da allon ƙarfe, ba gasa ba, ba aikin tsaro ba. Don haka ban ga dalilin zuba kuɗi a kan Trijicon RMR ko Aimpoint Acro ba, waɗanda aka ƙera don su sha wuya su jure. Na nemi mai sauƙin kuɗi na samu, kuma maganar gaskiya gilashinta garau yake, ɗigon yana fitowa tar ko da rana tsaka. Ta wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi.

Abin da ya cuce ni yana ƙasanta. Kowace na'ura da tsarin mazauninta, wato tazarar da ke tsakanin ramukan noti biyu, da 'yan guraben da turakun riƙo ke shiga. Akwai tsarin RMR, shi Holosun 407C da 507C suka bi. Akwai RMSc na kamfanin Shield, wanda aka fi gani a kan siraran fistol. Akwai na DeltaPoint Pro, akwai kuma na Docter, wanda Vortex Venom da Burris FastFire 3 ke kai. Galibi waɗannan ba sa shiga gurbin juna. Bindigata 9mm ce, an sassaƙa mata gurbi bisa tsari ɗaya, na'urar da aka sayar min kuma tana kan wani daban. Sai aka jefo min wani ɗan faifan ƙarfe a cikin kwali wai shi zai haɗa su. Faifan ya zauna, noti ya shiga, ido ya ga komai daidai. Ashe faifan ba shi da turakun riƙo ko ɗaya.

Duk wanda ya riƙe irin wannan bindigar ya san saman nata baya yake zamewa da ƙarfi a kowane harbi, ya dawo ya doki gaba, kuma a kan wannan saman na'urar take zaune. Turakun nan su ne ke shanye bugun. Aikin noti kawai ya danne na'urar ƙasa. In babu turaku, bugun gaba ɗaya a wuyan 'yan noti biyu yake sauka.

Na daidaita saiti a mita 15, harsasai suka taru wuri guda, na tafi gida da murna. Da na dawo wani lokaci sai na ga sun karkata hagu. Na sake daidaitawa, suka koma ƙasa. Haka na yi ta ƙona harsashi ina murɗa saiti, ina zargin hannuna, ina zargin numfashina. Wani dattijo da ke harbi kusa da ni ne ya ce in cire harsasai in miƙo masa. Ya sa babban yatsa ya ɗan tura na'urar, sai ga ta tana motsi.

"Yaro, wannan ai rawa take yi," in ji shi.

"Baba, na ɗaure ta da kyau fa."

"Ka ɗaure. Me ke riƙe da ita?"

Da muka kwance sai muka tarar noti ɗaya ya karye, gutsurensa ya maƙale a cikin ramin. Sai da mai gyaran bindiga ya haƙo shi. In ka haɗa kuɗin aikinsa da harsasan da na ɓarnatar, sun wuce rarar da nake taƙamar na yi. Da an faɗa min gaskiya tun farko, da na ƙara kaɗan na ɗauki wadda ke zama kai tsaye a gurbin bindigata, babu faifai a tsakani. Ita na saya daga baya, kuma tun da na ɗaura ta ban sake taɓa saitinta ba.

Sauran abubuwan da mutane ke musu a kai masu sauƙi ne. Girman ɗigo da wani ma'aunin kusurwa mai suna MOA ake auna shi, MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100. Ke nan ɗigon 6 MOA yana rufe kamar santimita 4.4 a mita 25, na 3 MOA kuma rabin haka. Ni na fi son na 6, ido yana saurin kama shi, kuma rawar hannu ba ta cika tayar da hankali ba. In ka ga ɗigon ya tarwatse kamar tauraro, kar ka yi saurin mayar da kaya. Rage hasken, ka ɗauki hotonsa da waya. Idan a hoton ya fito a dunƙule, to idonka ne, likitan ido za ka gani.

Wurin batir kuwa ka kula da shi, domin shi ma ga noti yake komawa. Wasu na'urorin batirinsu a ƙasa yake, sai ka cire su gaba ɗaya kafin ka canza, har RMR mai tsadar ma haka take. Kowace cirewa kwance noti ne da sake duba saiti. Nemi mai aljihun batir a gefe ko a sama, CR1632 ne ko CR2032, ka huta.

Abin da ya sanyaya min rai shi ne na'urar farko ba ta tashi a banza ba. Na mayar da ita kan fistol .22 LR mai ƙaramin harsashi. Irin su Ruger Mark IV da Browning Buck Mark, wurin da ake ɗora na'ura ba ya motsi lokacin harbi, bugun ma kaɗan ne. Can ta zauna daram, saitinta bai goce ba. Mai irin wannan bindigar zai iya sayen mai araha hankalinsa kwance. Mai 9mm kuwa, ya fara buɗe littafin bindigarsa ya ga sunan tsarin gurbinta, ya nemi wannan sunan a jikin kwalin na'urar. In dole sai da faifai, ya juya shi ya ga turaku da idonsa.

Tsawon noti ma abin dubawa ne. Gajere ba ya kama isasshen zare, dogo kuma a wasu bindigogin yakan taɓo abin da ke fizgo kwanson harsashi, bindiga ta riƙa cijewa. A goge maiƙon ramin, a ɗiga gam ɗin noti mai shuɗi irin Loctite 243, a ɗaure da maɗauri mai awo daidai adadin da kamfanin ya rubuta. Ni nakan ja ɗan layin fenti daga kan noti zuwa jikin na'urar, kuma kafin in loda harsashi sai na duba ko layin ya goce.