Abin da Edita Ya Gani a Littafina na Farko

Rubutun littafina na farko ya dawo daga hannun edita da jan biro a kusan kowane shafi. Mafi yawan gyaran na ƙa'idojin rubutu ne, irin raba "yace" ta koma "ya ce", da mayar da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ waɗanda rubutu a waya ya saba wa mutane watsi da su. Wannan ba abin jayayya ba ne, na karɓa cikin sauƙi.

Ya fi daɗewa a kan Zazzaganci. Da yawanmu a Zariya muna cewa "rigana" da "motan" inda daidaitacciyar Hausa take neman "rigata" da "motar". Malam bai share karin harshenmu ba, sai ya ce a bar shi a bakin tsohuwar da ke sayar da ƙosai a Tudun Wada, domin haka take magana, amma mai ba da labari ya tsaya kan daidaitacciya saboda mai karatu na Sakkwato ko Maraɗi. Hukuncin ya burge ni ƙwarai.

Wanda ya yi mini nauyi shi ne babin hawan sallah, inda na zuba duk basirata wajen kwatanta dawakai da lifidi da 'yan bindiga a ƙofar fadar Zazzau. A gefen shafin ya rubuta cewa kwatancen ya yi armashi, amma labarin ya tsaya cak. Da muka zauna a Samaru ina kare babin, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, idan aka cire shi, me mai karatu zai rasa game da jarumarki?" Da muka bi shi layi-layi, sakin layi biyu kaɗai suka tsira, wato inda yarinyar ta hango mahaifinta cikin mahaya ya kau da kai.

Wannan aiki na edita tsohon gado ne a garin nan, tun gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi, ya shirya, da kuma zaman da Abubakar Imam ya yi yana aiki tare da shi kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi ya sa nake damuwa da yadda littattafai da dama yanzu suke tashi daga waya zuwa WhatsApp ko maɗaba'a ba tare da wani ya duba su ba.

Ba duk shawarwarinsa na ɗauka ba. Ya so jarumar ta koma gidan mijinta a ƙarshe, ni kuwa na bayyana masa dalilin da ya sa hakan zai saɓa wa halinta, ya kuma amince. Yanzu ina sake ɗinke babi na biyar da na shida, domin giɓin da yankan ya bari yana bukatar cikewa kafin a kai rubutun wurin bugu.