Haɓon doki a aikin barga

Shekara 11 ke nan ina riƙe da wata ƙaramar barga, inda masu dawakai ke kawo mini dabbobinsu in ajiye, in ciyar, in kuma hore su domin sukuwa. A cikin duk abubuwan da kan tayar wa sabon yaron barga hankali, ban ga wanda ya kai haɓo ba, domin doki idan ya yi furzar da jini a hancinsa, sai bango da ragama da rigar mai riƙe da shi duk su ɓaci, har mutum ya ɗauka dabbar ta gama yawo. Alhali kuwa dokin da nauyinsa ya kai kilo 500 yana ɗauke da jini kusan lita 40, kuma abin da ya zuba sau da yawa bai cika kofi biyu ba.

Abin da nake fara koya wa yarana shi ne, doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kawai yake yi. Na taɓa tarar da wani yaro yana ƙoƙarin cusa tsumma a kafar hancin wani ingarma da ya bugi ƙyaure, da na daka masa tsawa sai ya ce, "Maigida, ai tsayar da jinin nake so in yi." Abin da ya kamata shi ne a kwantar wa dokin da hankali, a ɗora masa tsumma mai sanyi a ƙasan idanu, a duba agogo. Idan an yi minti 15 jinin bai tsaya ba, ko yana kwarara kamar famfo, ko dasashinsa ya fara yin fari, sai a kira likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Haɓon da kan biyo bayan gudu mai tsanani daga huhu yake tasowa, saboda ƙananan jijiyoyin da ke ciki sukan fashe idan jini ya matsa musu, kuma yawanci yakan fito ta kafofin hanci biyu. Dawakan tsere da yawa suna yin sa ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba, sai dai a ga doki ya sare a ƙarshen gudu yana ta haɗiya. An daɗe ana ba su maganin Lasix, mai sa yawan fitsari, domin rage wannan zubar jinin ranar tsere a Amurka, amma a Ingila an hana. Ni dai hutu nake ba su, in rage ƙura a ɗakinsu.

Wanda nake tsoro shi ne haɓon da ba shi da dalili. Wata safiya na ga ɗigon jini a bakin komin wata goɗiya da ta kwana a ɗaure, ba ta yi gudu ba, ba ta kuma da rauni a fuska. Ya riga ya tsaya da kansa, sai na ce wataƙila ta bugi wani abu ne da dare, na wuce. Bayan kwana shida ya dawo ta kafar hagu, ya fi na farko yawa. Da likita ya zura na'urar leƙa ciki ta hancinta, sai ya nuna mini fumfuna manne a jikin babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, a cikin wata jakar iska da dawakai ke da ita a bayan maƙogwaro. Fumfunar tana cin bangon jijiyar ne sannu a hankali, kuma ranar da ta huda shi sosai doki yakan iya mutuwa kafin likita ya iso. An yi mata aiki an toshe jijiyar, ta kuma rayu, amma bayanin da na yi wa mai ita game da kwana shidan nan bai yi mini daɗi ba.

Tun daga lokacin na ajiye littafi a ƙofar barga, duk wanda ya ga jini sai ya rubuta sunan dokin da ranar, da kafar hancin da ya fito, da ko an hau shi a ranar ko yana hutawa, da mintin da ya ɗauka kafin ya tsaya.