Dare ɗaya a Sadalan, wurin masu karanta hasken taurarin da suka fashe

Ƙanena ne ya ja ni. Shekararsa biyu yana karatun ilimin taurari a Kef Tawun, kuma duk sanda Hajiya ta tambaye shi me yake yi, sai ya ce taurarin da suka mutu yake bincike, ita kuma ta ce Allah ya shirya. Da aiki ya kai ni Afirka ta Kudu a watan Mayu, na ce masa sai na ga gawar nan da idona.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar N1 zuwa garin Sadalan a motar haya. Gonakin inabi suka ƙare, muka faɗa Karu, fili fetal, daga duwatsu sai tumaki. A Maikisfonten muka karya kwana arewa, kilomita ɗari da 'yan kai ba gari ko ɗaya. Nan muka gane na'urar ɗumama motar ba ta aiki, alhali wanda ya miƙa mana makulli har rantsuwa ya yi lafiyarta ƙalau. Ga Sadalan tana cikin garuruwa mafi sanyi a ƙasar. Alwalar magaribar da na yi a can ta sa na daina cika baki da sanyin Jos.

Da rana aka zaga da mu tudun da cibiyar binciken taurari take, kimanin mita 1,800 sama da teku. Babban madubin hangen nesan, SALT, an buɗe shi a 2005. Madubai 91 ne masu kusurwa shida, an jera su kamar saƙar zuma, faɗinsu gaba ɗaya wajen mita 11. Ba ya ɗaga kai, ba ya sunkuyawa, juyawa kawai yake yi, wata na'ura a samansa ce ke bin tauraro. Na tambayi inda ake kafa ido a leƙa. Ƙanena ya yi dariya. "Yaya, ba mai leƙawa. Kwamfuta ake kallo."

Raina ya ɗan sosu, har sai da ya buɗe tasa kwamfutar a masauki. Wani layi ya nuna mini mai tudu da kwari, kamar zanen bugun zuciya a asibiti. Hasken tauraro guda ne aka tsaga shi launi-launi irin na bakan gizo, kowane sinadari da gurbin da yake barin tambarinsa. Ya ɗora yatsa kan wani tudu a ɓangaren ja: haidirojin. Idan akwai shi, ƙaton tauraro ne ya rufta cikin kansa ya tarwatse. Idan babu, sai wani kwari na silikon, to ƙaramin farin tauraro ne ya ƙone ƙurmus, kuma da yake hasken irin waɗannan kusan ɗaya ne, da su ake auna nisan sararin sama. Faɗin tudun kuma gudu yake nunawa, iskar tauraron na fita da dubban kilomita a daƙiƙa ɗaya. Wannan ita ce sufanoba. Noba kuwa ba mutuwa ba ce: farin tauraro ne ke zuƙar iskar maƙwabcinsa har ta taru ta kama da wuta a bayansa, ya huce, ya sake zuƙa.

Wajen ƙarfe tara muka fita. Ban taɓa ganin sama ta cika haka ba. Ya nuna mini wani farin dabbare a kudu, kamar hayaƙin da ya ƙi watsewa, tarin taurarin da ake kira Babban Gajimaren Majelan, wanda daga Kano da kyar yake leƙo bakin sama, ƙura kuma ta rufe shi. A cikinsa sufanobar 1987 ta bayyana ranar 23 ga Fabrairu, bayan haskenta ya yi tafiyar shekara wajen 168,000. Wani masanin taurari, Ian Shelton, ya gan ta a hoton da ya ɗauka a Las Kamfanas ta ƙasar Cile. Rabon da a ga irinta da ido tsirara tun 1604. Daga tudun nan na Sadalan aka yi ta auna ta dare bayan dare: ta ƙara haske har watan Mayu, sannan ta riƙa dusashewa daidai da yadda wani nau'in sinadarin kobal ke raguwa da rabi duk kwana 77. Wannan lissafin ne ya ratsa ni, wai wuta mai wannan nisa a san abin da ke hura ta.

Gawar dai ban gani ba, dabbaren kawai na gani.

Can dare ya juya ƙaramin madubinsa arewa, wajen wani tauraro da ake kira T Korona Boriyalis. Noba ce mai maimaitawa, ta tashi a 1866, ta sake a 1946, masana na zuba ido. A ma'auninsu ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, ido kuma ba ya wuce 6. Idan ta tashi za ta kai wajen 2, kowa ya gan ta daga tsakar gidansa. Ya gwada ta da taurarin gefenta, ya daɗe yana ƙifta ido, ni kuwa yatsuna sun daskare a aljihu.

"Nawa?" na ce.

"Goma, Yaya. Tana nan tana barci."

Ya rubuta 10 da kwanan wata da lokaci a ɗan littafinsa, muka ruga ciki neman butar shayi.