Yadda na koma bakin aikin jinya a Ostireliya

A Ostireliya doka ce ta killace sunan ma'aikacin jinya, ta yadda babu wanda zai kira kansa nas ko ungozoma matuƙar sunansa ba ya cikin kundin rajista na ƙasa, ko da kuwa ya yi shekara ashirin yana aikin a ƙasarsa. Wannan shi ne abu na farko da ya sauya mini lissafi lokacin da na biyo maigidana zuwa Brisbane, inda ya zo karatun digiri na uku. Na bar Najeriya ina babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin kwantar da mata, ana tura mini ɗalibai ina koya musu aiki, amma da na sauka a nan sai na tarar cewa takardun da ke jakata ba su ba ni ikon miƙa wa majinyaci ko da ƙwayar magani guda a matsayin nas ba.

Tsarin da na shiga hannunsa bai daɗe da kafuwa ba. Kafin shekarar 2010 kowace jiha da kowane yanki na ƙasar, su takwas, suna da nasu hukumomin rajista, kuma nas ɗin da ta yi rajista a Queensland sai ta sake neman izini idan aiki ya kai ta Victoria. Gwamnatocin tarayya da na jihohi sun rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗe tsarin a 2008, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Yulin 2010, Yammacin Ostireliya kuma ta shigo a watan Oktoban wannan shekarar. An fara da sana'o'in lafiya goma, aka ƙara huɗu a 2012, sannan ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya suka shigo a ƙarshen 2018. Hukumar Ahpra ce ke riƙe da kundin da gudanar da harkokin ofis, kowace sana'a kuma tana da majalisarta mai shimfiɗa ƙa'idoji. Tamu ta ma'aikatan jinya da ungozomomi ita ce NMBA, sai kuma wata cibiya daban mai suna ANMAC da ke tantance kwasa-kwasan da jami'o'i ke koyarwa, domin a tabbatar cewa wanda ya kammala su ya cancanci rajista.

Da yake bizar da nake ɗauke da ita ta ba ni izinin aiki, sai na nemi gurbi a gidan kula da tsofaffi a matsayin mataimakiya, aikin da ba ya buƙatar rajista. Ina yi wa tsofaffi wanka, ina ba su abinci, ina juya waɗanda ba sa iya motsi don kada kwanciya ta ci musu fata. Ban taɓa raina wannan aiki ba, domin shi ne tushen jinya, kuma tsofaffin nan sun koya mini jin Turancin ƙasar fiye da kowane littafi. Abin da ya yi mini nauyi shi ne in ga alamar da na sani sarai, kamar numfashin da ya sauya ko ƙafar da ta fara kumbura, ba ni da hurumin yanke hukunci sai dai in je in sanar da nas mai rajista, wadda sau da yawa sa'ar ƙanwata ce. Akasarin abokan aikina 'yan Indiya ne da Nepal da Filifin, kuma da yawansu ƙwararrun ma'aikatan jinya ne a ƙasashensu, suna jiran abin da nake jira.

Hanyar da aka shimfiɗa wa waɗanda suka yi karatu a waje ta sauya a 2020, lokacin da aka daina dogaro da gajeren kwas na cike gurbi aka koma ga jarrabawa. Mutum zai fara ne da shigar da bayanan karatunsa a shafin hukumar ta intanet, a sanya shi a ɗaya daga cikin rukunoni uku gwargwadon kusancin karatunsa da na Ostireliya, inda digiri ne matakin nas mai cikakkiyar rajista. Na faɗa rukunin da sai ya zauna jarrabawa biyu. Kafin nan sai da na haɗa takardun shaidar karatu da na ɗabi'a daga gida, waɗanda ba a karɓarsu daga hannun mai nema, sai dai inda aka bayar da su ya aiko kai tsaye. A nan ne na fi shan jira, har sai da yayana ya riƙa zirga-zirga a madadina kafin wasu takardun su fito. Akwai kuma binciken tarihin aikata laifi a duk ƙasar da mutum ya zauna wata shida ko fiye bayan ya girma, da jarrabawar Turanci, wadda a lokacina ake neman maki 7 a kowane ɓangare na IELTS ko matakin B a OET. Na san mutanen da suka yi karatunsu kaf da Turanci amma ɓangaren rubutu ya riƙe su wata da watanni.

Jarrabawar farko ita ce NCLEX, wadda ake yi a kwamfuta, kuma ita ce dai ake yi a Amurka da Kanada. Tambayoyinta suna ƙara tsauri ko sauƙi gwargwadon amsar da mutum ya bayar, kuma ba haddar littafi take nema ba, tana so ne ta ga wane majinyaci za ka fara dubawa idan huɗu suna jiranka. Ta biyun ita ce OSCE, jarrabawar aiki a aikace, wadda na je birnin Adelaide na yi. Tashoshi goma ne, kowace da 'yan mintocinta, wani wurin mutum-mutumi ne a kan gado, wani wurin kuma mutum ne da aka horar ya yi kamar majinyaci. Abin da ake aunawa a nan ya wuce iya allura ko ɗaure ciwo. Ana duba ko ka gabatar da kanka, ko ka tabbatar da sunan majinyaci da ranar haihuwarsa, ko ka nemi yardarsa kafin ka taɓa shi, ko ka rubuta abin da ka yi. A gida mun san duk waɗannan, sai dai nas guda mai ɗawainiya da ɗaki cike da gadaje takan saba yin su a zuci, a nan kuwa sai an ji su daga bakinka.

A lokacina kuɗin OSCE kaɗai dalar Ostireliya 4,000 ne, ban da jirgi da masauki da sauran kuɗaɗen tantancewa, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. A ganina wannan shi ne raunin tsarin, domin ƙasar tana neman ma'aikatan jinya ruwa a jallo, musamman tun da aka wajabta wa gidajen tsofaffi samun nas mai rajista dare da rana daga Yulin 2023, amma kuɗi kan tsayar da mutanen da ba ƙwarewa suka rasa ba. Wanda ke nema daga Najeriya, ba shi da izinin aiki a nan kamar yadda na samu, nauyin da ke kansa ya ninka nawa.

Duk da haka ba zan ce a sassauta ma'aunin kansa ba, domin na ga amfaninsa bayan da lambar rajistata ta fito. Kowa na iya buɗe kundin a intanet ya rubuta sunana ya ga ko rajistata tana raye, ko an gindaya mini wani sharaɗi. Majinyacin da ya ga baƙuwar fuska da hijabi ba sai ya dogara da zato ba, kuma ni ma ba sai na yi ta rantsuwa kan ƙwarewata ba. Da maigidana ya kammala karatu ya samu aiki a jihar Tasmania, da lambar nan guda na nemi aiki a can, ban sake cike takardar rajista ko ɗaya ba.

Rajistar kuma ba ta dindindin ba ce. Kowace shekara kafin 31 ga Mayu sai na sabunta ta, in tabbatar cewa na yi aƙalla awa 20 na ƙarin ilimi, ina da inshorar kariya daga kuskuren aiki, kuma na yi aiki na aƙalla awa 450 cikin shekaru biyar da suka wuce. Doka ta kuma ɗora mini wajibcin kai rahoton abokin aikin da na gani yana aiki cikin maye, ko yana cin zarafin majinyaci ta hanyar lalata, ko ya kauce wa ƙa'idar aiki ta yadda zai jefa jama'a cikin haɗari. Wannan ya yi mini wuyar haɗiya da farko, ni da na taso inda rufin asiri da kara suke da daraja, kafin in fahimci cewa majinyacin da ke kwance ba ya iya kare kansa shi ya fi cancantar karar. Ƙa'idojin ɗabi'ar aikin sun kuma tilasta mana sanin tarihin 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, da dalilin da ya sa wasunsu ke ɗari-ɗari da asibiti, kuma wannan darasi ya gyara mini yadda nake sauraron kowane majinyaci.

Abin da ya rage mini shi ne ungozomanci. A gida da yawanmu muna riƙe da shaidar jinya da ta ungozoma a tare, amma a nan rajista biyu ce daban, kowace da nata tantancewar da kuɗinta. Na fara da jinya saboda ita ce ta fi saurin kai ni ga albashi, sai dai shekaru suna tafiya ban karɓi haihuwa ba, kuma sharaɗin awa 450 bai san uzuri ba. Yanzu haka ina tara kuɗi ina kuma tuntuɓar jami'o'i, domin in ga ko komawa aji a nan zai fi mini sauƙi a kan bin hanyar jarrabawa karo na biyu.