Daga Nima zuwa Elmina, sayen amane

Goggona tana sayar da kyafaffen kifi a kasuwar Nima da ke Accra, kuma duk watan Agusta sai ta je Elmina, wani gari a bakin tekun Ghana, da kanta saro amane, wato ƙananan kifin teku irin sadin, bana na raka ta. Mun shiga trotro, wato ƙaramar motar haya, da asuba zuwa tashar Kaneshie, daga nan muka hau motar Cape Coast. Cunkoson Kasoa dai kun san shi, ba sai na faɗa ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a bakin teku sanyi ne. Na tsoma ƙafa na yi maza na zare, wallahi kamar ruwan randa da hunturu. Goggo ta ce "kai yaro, sanyin nan shi ne jarinmu, in teku bai yi sanyi ba to kifi tsada."

Gaskiyarta ne. Daga Yuli zuwa Satumba iskar kudu maso yamma na ƙaruwa tana ture ruwan saman teku mai ɗumi nesa da gaɓa, a lokacin ne kuma gudun ruwan da ake kira Guinea, wanda ke bin gaɓa yana yin gabas, yake ƙara ƙarfi, sai ruwan ƙasan teku mai sanyi ya taso ya cike gurbin da abincin kifi a ciki, zafin teku da ya saba kai digiri 28 ya sauko ƙasa da 25, amane kuma su biyo. Can gaba da Takoradi akwai Cape Three Points, inda ƙasa ta yi tsini cikin teku, in gudun ruwan ya wuce tsinin sai ya riƙa juyawa a bayansa, masana na ganin wannan juyin na riƙe ƙwan kifi kusa da gaɓa. Wajen Janairu ma ruwan sanyin na ɗan tasowa amma ƙarami ne.

Benya, mashigin ruwan da masuntan Elmina ke sauka, cike take da kwale-kwale da tutoci kala-kala, mata tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa da manyan kwanukan silba a ka. A wajen banda, trey-trey na katako da waya aka jera bisa murhun Chorkor, hayaƙi ya sa ni hawaye, ita ko goggo ko a jikinta. Tana ɗaukar kifi ɗaya ta lanƙwasa, in bai karye ba ta ce bai bushe ba. Ciniki da yaren Fanti take yi, ni dai ɗaukar kwando ne nawa.

Masuntan na kukan cewa kamun ya ragu ba kamar da ba, shi ya sa a 2019 gwamnati ta fara hana kwale-kwale fita na wata guda. Ni a ganina masu kamu da fitila da manyan jiragen kamun kifin nan ya kamata a fara matsa wa. Kwandunan da goggo ta zo da su ba duka suka cika ba, direba kuma ya caje mu kuɗin kaya cif.