Firiza mai murfi ko firji: wanne ya dace da giyar famfo a gida?

Masu haɗa giya a gida a Amurka da Turai da yawa sun daina wahalar ɗurawa a kwalba. Tankin ƙarfe suke zuba ta, su haɗa da tukunyar iskar CO2, su ajiye a cikin sanyi, su riƙa tsiyaya ta famfo. Tankin da ya fi yawa a hannunsu shi ne na Cornelius mai cin lita 19, wanda asalinsa na kamfanonin lemo ne. Samfurin Pepsi siriri ne dogo, faɗinsa wajen santimita 22, tsayinsa wajen 63. Na Coca-Cola ya fi shi kauri kaɗan, ya kuma fi shi gajarta. Idan an cika kowannensu yana kai wajen kilo 24. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin da su za ka yanke shawara, kuma ka tafi kasuwa da tef ɗin awo da kwali da ka yanka daidai gindin tankinka.

Firji na tsaye ya fi sauƙin sha'ani. Dama an ƙera shi ne ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 5, kuma digiri 3 zuwa 4 ake so wa giya. Za ka cire kantocin ciki, ka shimfiɗa falankin katako a ƙasa saboda robar gindin ba ta jure nauyi, sai ka huda ƙofa ka ɗaura famfo. Galibi bututun gas ɗin sanyi na firjin ba ya bi ta ƙofa, amma ka duba ko akwai waya. Jikin firjin da samansa kuwa, kada ka kai musu dirila sai ka tabbatar da inda bututu ya bi. Huda ɗaya ta kuskure ta isa gas ya tsiyaye, kuma bututun da ke binne cikin soso ba kasafai yake gyaruwa ba. Firjin da ba ya tara ƙanƙara yana busar da iskar cikinsa da kansa, ga shi tanki turawa kawai za ka yi daga gaba. Matsalarsa wuri: tanki biyu ne yawanci, uku in an yi sa'a, kuma duk buɗe ƙofa sanyi sai ya zubo ƙasa ya fita.

Firiza mai murfi kuwa aikinta ya fi yawa, amfaninta ma haka. Mai cin lita 200 tana ɗaukar tanki uku ko huɗu. Sanyi yana kwanciya a ƙasa, don haka buɗe murfi ba ya zubar da shi, ga bangonta ya fi kauri. A inda wuta ba ta tsayawa, wannan kaɗai ya isa hujja: tanki huɗu cike da ruwa mai sanyi a cikin akwati mai kauri suna daɗewa ba su ɗumama ba.

Sai dai firiza daskarar da abu aka yi ta ta yi, tana sauka har digiri 18 ƙasa da sifiri. Dole ka sayi na'urar daidaita sanyi ta waje, irin Inkbird ITC-308, ka jona firizar a jikinta. Ka sa ta a digiri 3, da tazarar digiri 1 tsakanin kunnawa da kashewa, ka kuma sa kwamfiresa, wato injin sanyin, ta jira minti 5 zuwa 10 kafin ta sake tashi. Kan na'urar mai jin sanyi kada ka bar shi yana reto a iska. Iska tana saurin sauyawa, sai kwamfiresa ta yi ta tashi tana mutuwa, abin da ke kashe ta da wuri. Ka manna shi a jikin tanki, ka rufe da guntun soso.

Aiki na biyu bayan na'urar shi ne ƙarin katako. Bangon firiza cike yake da bututu, ba a huda shi ko kaɗan. Ana kwance murfin, a yi firam na katako mai tsayin santimita 14 zuwa 19 daidai bakin firizar, a zaunar da shi da silikon, a mayar da murfin a kansa. A jikin katakon ake huda ramukan famfo. Wannan ƙarin tsayi ne kuma ke ba ka damar ɗora tanki ko tukunyar gas a kan tudun nan na kwamfiresa da ke cin gefe guda na gindin. A liƙa soso mai tauri ta ciki, don katako ba ya riƙe sanyi kamar bango. Ka kuma yi tunanin bayanka: ɗaga kilo 24 ka tsallakar da shi bakin da ya doshi mita ɗaya ba wasa ba ne. Shi ya sa wasu ke haɗe katakon da murfin, yadda in an buɗe za su tashi tare, famfuna da tiyo su kauce daga hanya.

Abin da ya fi ɓata firiza shi ne raɓa. Tunda ba ta kaiwa ga daskarewa, damshin da ya shiga sai ya zama ruwa ya kwanta a gindi, bayan 'yan makonni ka ga baƙin fumfuna a kusurwoyi da tsatsa a wajen haɗi. Maganinsa uku ne: a toshe haɗin gindin da silikon tun tana sabuwa, a ajiye abin tsotse damshi a ciki, a riƙa gogewa duk mako, musamman da damina. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 da ke juyawa kullum tana magance wata matsalar daban. Ba tare da ita ba gindin firiza yakan fi samanta sanyi sosai, giyar da ke cikin tiyo a sama ta ɗumama, gas ya fita daga jikinta, kofin farko ya fito rabinsa kumfa.

A ganina, mai tanki ɗaya ko biyu da wutarsa ke tsayawa ya ɗauki firji ya huta. Mai son uku zuwa sama, ko wanda ke fama da ɗauke wuta, ya ɗauki firiza ya yarda da aikin kafinta da gogewa. Ko wanne ka zaɓa, duba takardar da ke manne a bayansa. Harafin T yana nufin an yi shi don zafin da ya kai digiri 43, ST kuma 38. A bar tazarar santimita 10 tsakanin firiza da bango, domin ta fatar jikinta take fitar da zafi.

Kumfa kuma sau da yawa ba laifin akwatin sanyi ba ne. A digiri 3, matsin gas na psi 10 zuwa 12 (psi ma'aunin matsi ne) ya isa, da tiyo mai rami milimita 5 da tsayinsa ya kai mita 3. In tiyon ya yi gajarta, giya za ta fito da gudu ta farfashe, kuma rage matsi ba ya gyara komai, sai dai ya salamce ta cikin kwanaki. Tukunyar gas a tsaye take zama, a ɗaure. In ka sa ta cikin sanyi agogon matsinta zai sauka daga wajen psi 800 zuwa wajen 500, hakan ba ya nufin ta kusa ƙarewa. Sikeli ne kaɗai ke faɗin abin da ya rage. Ka shafa ruwan sabulu a kowane haɗi don neman yoyo, kuma kada ka zura kai cikin firiza da zarar ka buɗe, domin CO2 ta fi iska nauyi, in ta yi yoyo a gindi take taruwa.